Akwatin gwajin lantarki da na sayo wa ɗalibaina: mitar ta biya kuɗinta, wayoyin kuwa sai haƙuri

Shekara shida ke nan ina koyar da fiziks da yamma a zauren gidanmu a Zariya, yara 'yan aji biyu da uku na babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO. Duk shekara abu ɗaya ke ba ni haushi. Yaro zai rera maka dokar lantarki ta V = IR kamar hadda, ya gaya maka Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da dokar a 1827, amma ka miƙa masa batir da ƙwan tocila da waya ka ce ya kunna, sai ya tsaya yana kallonka. Ga shi kuma jarrabawar gwaji ta fiziks ba ta rasa tambayar lantarki.

Shi ya sa da na je Kano bayan Babbar Sallah na shiga Sabon Gari, layin masu kayan gyaran rediyo da talabijin, na sayo wani akwatin roba na gwajin lantarki a kan N14,000 bayan doguwar tayawa. A ciki akwai mazaunin batir biyu, ƙananan ƙwayayen fitila huɗu da mazauninsu, makunni biyu, resista kala-kala a leda (masu rage yawan wutar da ke bi ta waya), ƙananan fitilun LED ja da kore, wayoyi goma masu baki irin na kada, ɗan littafi, da ƙaramar mita mai launin ɗorawa wadda ke auna bolt (ƙarfin wuta) da amfiya (yawan wutar da ke gudu) da om (ƙarfin resista).

Ranar farko ban buɗe littafin ba. Na ba su ƙwai biyu na ce su haɗa su a jere, wuta ta bi ta ɗaya ta shiga ɗayan. Suka kama, amma dishi-dishi. Na kwance ƙwai ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Sai muka sake haɗi, kowane ƙwai da hanyarsa zuwa batir. Duka biyu suka haska sosai, na cire ɗaya, ɗayan ko gezau. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ashe shi ya sa in ƙwan ɗakin Inna ya ƙone na tsakar gida ba ya mutuwa?" Na shekara ina zana wannan a allo ban taɓa samun wannan tambayar ba.

Mitar ce ta fi burge ni, duk da cewa in ka ɗaga ta kamar babu komai a ciki. Sabon batir da aka rubuta wa 1.5 ta nuna 1.6, biyu a jere suka ba da kusan 3.2. Resistar da aka ce om 100 ce ta nuna 98. Nan gardama ta tashi, wani yaro ya ce an cuce ni a kasuwa. Na nuna masa zoben ƙarshe mai ruwan zinare a jikinta, wanda ke nufin za ta iya kaucewa da kashi 5 cikin 100, wato ko'ina tsakanin 95 da 105 daidai ne. Muka haɗa biyu a jere mita ta ce 197, muka haɗa su kafaɗa da kafaɗa ta faɗo zuwa 49. Wannan lissafin na 1/R, na haɗin kafaɗa da kafaɗa, da suke tsana, ranar sun gan shi da idonsu. Da muka sa bolt 3 a kan om 100, mita ta nuna kusan miliamfiya 30, kamar yadda takarda ta ce. Ni kaina sai da na ji daɗi, kamar ban san amsar ba.

To, ga inda aka ɓata min rai. Wayoyin nan ba su da kirki. Cikin mako biyu huɗu sun tsinke daga wuyan bakin, kuma tsinkewar a cikin roba take, ba a gani. Sai yara su haɗa komai daidai, ƙwai ya ƙi kamawa, su ɗauka su ne ba su iya ba. Wata rana mun ɓata rabin awa kafin na auna wayar da mita na gano ita ce mai laifi. Na kai su wurin wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya liƙe min su da dalma, tun daga nan ba su sake ba ni matsala ba.

Littafin kuma ya fi wayoyin laifi. Turancinsa a karye yake, wannan da sauƙi. Amma akwai zane da ya nuna a haɗa LED kai tsaye da batir mai bolt 9, babu resista. Jar LED bolt 2 kawai take ɗauka, kuma miliamfiya 20 ta ishe ta. Yaran suka bi zanen ina waje ina alwala, na dawo na tarar uku sun ƙone. Abin da ya kamata shi ne a cire 2 daga 9, a raba 7 da 0.02 (wato miliamfiya 20 ɗin a amfiya), a sami om 350, sai a sa resista mai 330 ko 470. Mai 330 ita ce mai zobe ruwan lemo biyu da ruwan ƙasa ɗaya. Littafin bai ma faɗi cewa doguwar ƙafar LED ce ke zuwa ɓangaren + ba.

Fis ɗin mitar ma ya ƙone sau ɗaya, amma wannan laifinmu ne. Wani ya juya ta zuwa ma'aunin amfiya ya ɗora bakinta biyu a kan batir kai tsaye. Amfiya a cikin layi ake auna ta, sai ka yanke hanya ka sa mita a tsakani, bolt ne ake aunawa ta gefe da gefe. Duk mai sayen akwatin nan ya haɗa da fis biyu ko uku na ajiya, da batura masu kyau, don waɗanda suka zo a ciki kwana uku suka yi.

Doka ɗaya na kafa tun ranar farko: babu mai kusantar soket ɗin bango da waɗannan kaya. Wutar NEPA bolt 230 ce, tana kisa, wayoyin mitar nan kuma siraran gaske ne. Idan an tashi ina kulle mitar a durowa, sauran kayan ne nake bari su tafi da su gida bi da bi. Wannan makon akwatin yana hannun yarinyar nan mai tambayar ɗakin Inna, ta ce tana so ta yi wa kejin kajinsu fitila mai makunni.