Majigi ko babbar tele? Kafin fada ta sayi kayan nuna fim a Maraɗi

Idan fadar samari, ƙungiyar ɗalibai ko ta mata ta haɗa ƴan kuɗi don ta riƙa nuna fim a unguwa, gardamar farko kan tsaya a kan girman hoto. Ni kuwa ina ganin tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: wane irin fim za a nuna? Kayan gidan kallon ƙwallo daban, kayan finafinan gaskiya da na masu shirya fim da ƙarfin aljihunsu daban. Ƙwallo da Indiya-Hausa suna jure hayaniya da hoto mai hazo. Amma fim irin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara a Damagaram, magana ce a hankali, wani lokaci ƙasa-ƙasa, da fuskar mutum yana shiru kafin ya amsa. In na baya bai ji abin da aka faɗa ba, tashi zai yi. Finafinan waje kuma fassararsu rubutu ce a ƙasan allo. Don haka a irin wannan harka, murya da tsabtar rubutu sun fi girman hoto muhimmanci, kuma can ya kamata kuɗi su fi tafiya.

Mu fara da tele. Mai inci 55 ko 65 ba ta cin wuta sosai, wat 100 zuwa 150 ne galibi, ana iya kunna ta da rana, rubutu yana fita tsaf, kuma masu gyaranta suna nan cikin gari. Ga ɗaki ko rumfa mai ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin, ba na jin akwai abin da ya fi ta. Aibinta biyu ne: gilashinta ba ya son yawo a bayan babur daga Bagalam zuwa Ali Ɗan Sofo, kuma da zarar jama'a ta wuce haka, na layin baya ba ya iya karanta komai.

Majigi shi ne na fili, kuma a nan ne aka fi cutar masu saye. Akwai ƙananan majigi masu araha da suka cika kasuwa, kwalinsu ɗauke da lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 8000 ko 9000. Wannan lamba ba ta nufin komai. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa, kuma da yawa daga cikin waɗannan ƙananan ba su wuce 200 zuwa 300 a wannan ma'auni. A ɗakin kwana mai duhu suna aiki. A tsakar makaranta, ga fitilar maƙwabci ga farin wata, hoton dushewa yake yi. Don allo mai faɗin mita uku a fili, a nemi abin da ya kai ANSI 3000. Haka kuma kalmar 1080 da ke jikin kwali sau da yawa tana nufin na'urar tana karɓar irin wannan hoto ne kawai, ba shi take fitarwa ba. A tambayi ainihin ƙwayoyin hotonta. Mai 800 da 600 yana cinye ƙananan haruffa. Mai 1024 da 768 ana iya maneji da shi. Mai 1280 da 800 shi ne daidai, domin faɗinsa ya kusa da na fim.

Abin da na fi ba da shawara shi ne majigin ofis ko na makaranta, irin su Epson, BenQ ko Optoma, ko da na hannu ne. Sai dai na hannu sai an buɗe ido. Ƙwan fitilarsa yana da adadin awoyin da yake yi, galibi 3000 zuwa 6000, kuma na'urar tana ƙirga su da kanta. A sa mai shago ya shiga cikin saitinta ya nuna lambar. Tunda ana iya goge ta a mayar sifili, kada a tsaya nan: a haska farin hoto zalla a bango. In an ga rawaya-rawaya a gefe, ko ɗige-ɗigen fari ko baƙi da ba su motsi, a ajiye shi. A bar shi a kunne kamar rabin awa, a sa hannu kusa da inda iska ke fita, a saurari fankarsa. Wanda ya mutu da kansa bayan ya ɗau zafi a shago, ba zai kai ƙarshen fim ba a watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Kuma a tambayi kuɗin sabon ƙwai tun kafin a biya, ko ana samunsa nan ko sai an aika Katsina ko Kano.

Ƙura ma tana da ta cewa. Majigi iri biyu ne aka fi samu, LCD da DLP. Na LCD launinsa ya fi cika, amma yana da matata da ke toshewa da ƙurar hunturu, sai an riƙa cire ta ana kakkaɓewa. Na DLP cikinsa ya fi rufuwa, ya fi jure irin yanayinmu. In akwai mutum ɗaya tsayayye da zai kula da kaya, LCD ba laifi. In kayan kowa da kowa ne, a ɗauki DLP. Masu hasken LED ko leza suna kai awa 20,000 ba a canza ƙwai ba, amma mai haske na gaske a cikinsu kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi.

Allo ba ya buƙatar dogon bayani. Bango mai sumul da farin fenti marar ƙyalli ya wadatar. In farin yadi ne, a sa baƙi a bayansa, a ɗaure kusurwa huɗu tam don iska.

Murya kuwa, kada a dogara da ɗan lasifikar da ke cikin majigi. Kada kuma a ɗauko manyan akwatunan biki da aka saita don ganga, domin suna dunƙule magana ta koma gurnani. Matsakaita guda biyu a kan sanduna, dama da hagu na allo, sama da kan mutane, sun fi babba ɗaya a ƙasa. A haɗa da waya, ba Bluetooth ba, saboda yakan sa murya ta makara bayan baki ya motsa. A je shago da maganar rediyo ko wa'azi a cikin wayar hannu, ba waƙa ba, a ja da baya taku ashirin a ji ko kalmomi na fita ɗai-ɗai. Sannan lallai a samu makirfo. Shi mai fassara wa jama'a fim ɗin zai riƙe, shi kuma za a zagaya da shi bayan fim, lokacin da dattijo ko malama ke son cewa wani abu. A wurina wannan hirar ita ce rabin dalilin taron.

Sai wuta. Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 350, kuma yana son fankarsa ta huce shi bayan an kashe. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na rage masa kwana. Ƙaramin janareta ya fi sauƙin saye, amma ƙararsa tana danne fim mai shiru, wutarsa kuma tana hawa da sauka. In shi ne, a sayi doguwar waya a kai shi bayan katanga, a haɗa da na'urar daidaita wuta. Batir da inbata sun fi tsada amma ba su da ƙara. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan wat 2400 na awa ɗaya, kuma na dalma rabinsa kawai ya kamata a sha. Majigi da lasifika in sun haɗa wat 400, za a samu awa biyu da ƴan kai bayan inbata ta ci nata, fim ɗaya ke nan da hirarsa. Da tele kuwa, batirin nan zai yi ninkin haka har da ƙari.

Akwai kason da ake mantawa a kasafi: fim ɗin kansa. Samunsa a katin waya ko a YouTube bai zama izinin tara jama'a ba, balle a karɓi dala a ƙofa. Masu irin waɗannan finafinai ba su da wani babban kamfani a bayansu, kuma ƴan ƙasarmu ne da ake iya rubuta wa kai tsaye. Akwai hukumar sinima ta ƙasa, CNCN, da ofishin haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai don neman bayani. Ko jika kaɗan ne, a ware.

Zaɓen fim ɗin farko ma yana shafar kayan da za a saya. Wanda ake Hausa a cikinsa ba ya buƙatar mai karatu. Sani Magori ya yi ɗaya a 2008 a kan manoman albasar Galmi, ya kuma yi Koukan Kourcia a 2010 a kan ƴan cirani, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a Abijan zai gane kansa a ciki. Daga nan a shiga na magabata: Oumarou Ganda, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, karo na farko da aka ba da ita, da Moustapha Alassane, mai zane-zane masu motsi tun shekarun 1960. Na Ganda da Zabarmanci ne da Faransanci, don haka a nan ne majigi mai fitar da rubutu da makirfon mai fassara za su biya kuɗinsu. Mai fassarar ya kalli fim ɗin sau biyu kafin ranar, ya san inda zai yi magana da inda zai bar hoto ya yi tasa.

In kuɗin bai isa duka ba, ga yadda zan jera: lasifika da makirfo tukuna, sai batir, a fara da aron tele ko hayar majigi na wata biyu ko uku, a ga yawan masu zuwa, sannan a san girman abin da za a saya.