Gargaɗi ga matasan zangon Kumasi: masu sayar da satifiket ɗin koyar da Turanci a ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'ar Asawase, Aboabo, Sawaba, Akwatia Line da sauran unguwanni. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin da hannuna a ciki. Ni na karɓi takardar tallan a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, ni na kai wa ƙanena, ni na ce masa ya je ya gwada sa'arsa. Yau sidi 14,000 na gidanmu sun tafi, fasfo ɗinsa ya tafi da su, kuma rabin kuɗin nan susun Mmanmu ne na shekara guda da take tarawa daga cinikin koko da ƙosai.

Ofishinsu yana saman wani bene a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, ɗaki biyu, da na'urar sanyi da tutocin ƙasashe a kan tebur. Bango cike da hotunan baƙaƙen fata suna murmushi a tsakiyar yaran Asiya. Mai wurin yana jin Hausa rangaɗaɗau, ya ce shi boga ne, wato wanda ya zauna a ƙasar waje, shekara shida ya yi yana koyarwa a Koriya ta Kudu, ya dawo ne don ya taimaki 'yan zango. Da lokacin azahar ya yi shi ya fara shimfiɗa darduma. Wannan ne ya kashe mana jiki. Da koneshan man ne irin wanda muka saba gani yana zagaya ofishin fasfo, da ban ko zauna ba.

Ba su taɓa neman kuɗi mai yawa a tashi ɗaya ba. Fom sidi 300. Sai kwas na satifiket ɗin TEFL, wato shaidar koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, sidi 2,500, wai na awa 120, a kammala cikin kwana biyar ta WhatsApp. Ni da nake koyar da Turanci shekara 13 a makarantar Ingilishi da Arabiyya, kunya ta ishe ni da ban yi wannan ɗan lissafin ba sai daga baya: kwana biyar awa 120 ne cif, idan ba barci, ba salla, ba cin abinci. Abin da ƙanena ya samu shi ne wasu takardu da bidiyo guda takwas da aka kwaso daga YouTube, sai jarrabawar da duk wanda ya zauna ya ci. Rana ta shida aka miƙa masa satifiket mai hatimin zinare, an rubuta sunansa da kuskuren harafi ɗaya.

Bayan nan aka haɗa shi da wata mata ta kiran bidiyo, minti biyar, hoton yana yankewa. Kwana biyu sai ga takardar ɗaukar aiki daga wata makaranta a Koriya, albashi dala 2,200 da gida kyauta. Daga nan fa aka buɗe famfo: kuɗin biza, kuɗin inshora, kuɗin gwajin lafiya, kuɗin ajiya da wai za a mayar idan ya sauka. Duka ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma sunan da ke fitowa a waya kafin a danna lambar sirri sau uku yana canzawa, babu ɗaya da ya yi kama da sunan kamfani. Da ƙanena ya tambaya, sai mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba ƙanena, akawunmu ne, ka yarda da yayanka."

Ga abin da ya kamata in sani tun farko. Bizar da Koriya ta Kudu take bai wa malaman Turanci sunanta E-2, kuma ƙa'idarta ta ginu a kan fasfo na ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ghana ba ta ciki. Ko da Turancinka ya fi na sarkin Ingila, ko da digirinka na jami'ar Legon ne ko ta Winneba, fasfo ɗinka ake dubawa. Ana iya ganin rashin adalci a cikin wannan, ni ma ina gani, domin Turanci ne harshen makarantunmu har jami'a. Amma haka dokarsu take, kuma duk wanda ya ce zai kai ɗan Ghana Koriya da wannan biza, ya san ƙarya yake yi tun kafin ka zauna a kujerarsa.

Haka batun China da suke yi wa wasu romon baka da shi. A watan Yulin 2021 gwamnatin China ta hana kamfanoni masu neman riba koyar da darussan makaranta bayan an tashi, Turanci na ciki, aka rufe cibiyoyi masu yawan gaske, malaman waje suka rasa aiki. Aikin da ya rage yana buƙatar bizar aiki da ake kira Z, da digiri da takardun da aka tantance. Satifiket na kwana biyar ba ya buɗe wannan ƙofa.

Wata biyu bayan an gama karɓar kuɗin, sai labari ya canza. Wai Koriya ta tsaurara, amma an samo masa wuri a Thailand, zai shiga da bizar yawon buɗe ido, wani zai tare shi a filin jirgin Bangkok ya wuce da shi makaranta a mota, can za a gyara takardu. Nan ne gabana ya faɗi. Yin aiki da bizar yawon buɗe ido laifi ne a Thailand. Malami na gaskiya yana shiga ne da bizar aiki da ake kira Non-B, sannan a yi masa izinin aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne motar nan. Da irin wannan alkawari ake kwasar mutane daga Bangkok zuwa garin Mae Sot na bakin iyaka, a tsallakar da su kogin Moei zuwa Myawaddy a ƙasar Myanmar, a ƙwace fasfo, a kulle su a gidaje masu katanga suna damfarar mutane ta intanet, wanda bai kawo kuɗi ba ya sha duka. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 na iya kasancewa cikin wannan hali a Myanmar, wasu kimanin 100,000 a Kambodiya. Da aka fito da dubbai daga Myawaddy a farkon 2025, akwai 'yan Afirka a cikinsu, har da 'yan Habasha da Kenya. Masu jin Turanci suke nema, domin su ne za su iya yaudarar Bature a waya. Mu da kalmar sakawa ta fito daga bakinmu ta zama sunan damfarar intanet a duk Ghana, sai ga shi ana neman ɗanmu a kai shi ya yi sakawa a kan dole.

Na ce wa ƙanena ba inda za shi. Muka je neman fasfo da kuɗi, aka ce mu dawo Litinin. Ranar Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon, mai shagon takalma da ke ƙasa ya ce tun daren Asabar suka loda kujeru a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Mun tarar da mutum tara a bakin benen, kowa da satifiket mai hatimin zinare a hannu. Biyu daga cikinsu 'yan mata ne da suka gama kwalejin horar da malamai.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, koyar da Turanci a waje sana'a ce ta gaske, kuma akwai 'yan Afirka da ke ci da ita. Matsalar ita ce babu wata hukuma ɗaya a duniya da ke kula da satifiket ɗin TEFL, kowa mai injin buga takarda zai iya yin nasa. Waɗanda aka fi yarda da su ko'ina su ne CELTA na Cambridge da CertTESOL na Trinity College London. CELTA yana cin mako huɗu zuwa biyar idan aka yi shi ba tsayawa, kuma dole ka koyar da ɗalibai na gaske na awa shida ana zaune ana kallonka ana ba ka maki. Yana da tsada, ana kuma faɗuwa. Ko shi ɗin ma shaidar iya aiki ce kawai, babu biza ko aiki a maƙale da shi. Ƙasashe irin su Vietnam da Thailand suna ɗaukar wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, amma sai da digiri, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, wadda a nan sashen binciken laifuka na 'yan sanda, CID, ke bayarwa, da shaidar jarrabawar Turanci irin IELTS da British Council ke shiryawa. Kuma ka shirya wa wariya, domin makarantu da yawa a can farar fata suke so a hoton talla.

Duk mai cewa zai samo maka aiki a waje, nemi lasisinsa na Sashen Ƙwadago, domin Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, ta wajabta shi, kuma ka je ofishin da ƙafarka ka tabbatar, kada ka tsaya ga abin da ke manne a bango. Makarantar da aka ce ta ɗauke ka, nemo adireshinta da kanka ka rubuta musu. Da muka yi haka bayan ruwa ya riga ya ci mu, sai muka tarar makarantar Koriyan babu ita kwata-kwata. Fasfo kuwa, daga hannunka sai ofishin jakadanci ko cibiyar biza da ofishin ya amince da ita.

Wani abu da ya sa suke yaɗuwa: duk wanda ya kawo mutum biyu ana rage masa sidi 500. Saboda haka wanda zai kawo maka takardar ba ɓarawo ba ne, abokinka ne na bes ɗin shan ataya, ko ɗan kawunka, ko yayanka kamar ni.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta lambar 292 da suka ware don haka. Sun nemi saƙonnin MoMo da hirar WhatsApp, don haka wanda abin ya shafa kada ya goge komai, kuma kada kunya ta hana shi zuwa. Da mutum taran nan muka fara, yanzu mun kai goma sha bakwai. Ƙanena ya karɓi rahoton ɓatan fasfo yana neman sabo, ya koma koyarwa a wata firamare a Tafo. Makon jiya wata 'yar uwarmu da ke aure a Nima, a Accra, ta turo mini hoton wata takardar talla da aka raba a can. Sunan kamfanin daban ne, an cire Koriya an sa Japan, amma hoton yaran nan na bangon Adum shi ne dai a sama.