Gargaɗi ga mutanen Katsina kan mai manhajar "girgizar kasuwa"

Jama'a, naira 250,000 yake karɓa. 250,000 kan kowane mutum, wai manhajarsa tana cin riba daga girgizar farashin S&P 500 (ma'aunin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka) da cinikin gaba (ƙulla ciniki yau kan farashin da za a biya nan gaba), kashi 20 duk wata.

Abin da ya fi ƙona rai, da gaskiya ya fara. A wani zama da ya yi da jama'a wajen Ƙofar Ƙaura ya buɗe kwamfuta, ya nuna VIX, ma'aunin tsoro na kasuwar Chicago, ya ce in kasuwa ta fara girgiza ba ta lafawa da wuri, takan ja makonni har watanni. Haka ne kuwa. A wannan fannin masanin tattalin arziki Robert Engle ya samu kyautar Nobel a 2003. To wa zai ƙaryata shi? Kada wani ya kira waɗanda suka biya wawaye. Ya buɗe kwamfutar nan, ya nuna Maris 2020 da VIX ya haura 82, kowa ya gyaɗa kai, har mu da muka san harkar.

Ɗorewar girgiza girman tsallen farashi kawai take nunawa. Sama zai yi ko ƙasa, ba ta faɗa. Manhajar kuwa ninka kuɗin da ta zuba take yi bayan kowace faɗuwa: 10,000, 20,000, 40,000, 80,000. An cinye 150,000 ke nan, saura 100,000, zubi na biyar yana neman 160,000. Babu su. Kuma shi da bakinsa ya ce ranakun girgiza a jere suke zuwa! Ga bashin dillali na 1:100, wato ka ajiye naira 1 ka yi ciniki da 100, farashi ya juya maka baya da kashi 1, abin da ka ajiye ya ƙare.

Wannan ma in kuɗin sun isa kasuwar. Tun kafin zaman, asusun da ya raba na mutum ne, babu sunan kamfani. Watan farko alat na 50,000 ya shigo, sai ga sababbi sun yi layi. Yanzu mai son cire 250,000 ɗinsa ana ce mashi ya fara biyan "haraji". Wallahi 250,000, wasu kuɗin adashe ne.

Hotunan hirarsa ta WhatsApp da rasit suna hannu, za mu ɗora su in sha Allah bayan isha'i.

Kada ku tura ko sisi, har harajin nan. Ku duba rajistarsa a shafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, wanda ya riga ya biya ya kai rasit EFCC.