Atlantis, Legoland ko WB: ina za a sauke iyali a hutun Agusta?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da gida ya yi shiru sannan na zauna amsawa. Kin ce a dogon hutun Agusta za ku tafi Dubai, ke da Alhaji da yara uku, mai shekara 5, mai 8 da babbar mai 14, ga kuma Hajiya Babba, mahaifiyarsa. Kina son sanin wanne ya fi tsakanin Atlantis, otal ɗin Legoland da otal ɗin WB (wato Warner Bros.) na Abu Dhabi wajen daɗin ɗaki, abinci da yanayin wuri. Na kwana a duka ukun, ba a tafiya ɗaya ba. Da ni ce ke, da wannan tawagar kuma a wannan watan, WB zan ɗauka. Da a Disamba za ku, da amsata ta canja.

Dalilin farko ba ma a cikin otal yake ba, a waje yake. Mu 'yan Kano muna ganin mun san rana saboda Afrilu, amma zafinmu busasshe ne, in kin samu inuwar darbejiya kin tsira. Na can a Agusta yakan haura digiri 40, ga danshin teku da ke sa kaya su manne a jiki kafin ki kai bakin titi. To Legoland, yawancin lilonsa a fili yake. Aquaventure na Atlantis ma a fili yake, sai dai shi wasan ruwa ne, da sauƙi, duk da cewa daɓen kan ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. Warner Bros. World kuwa, wanda aka buɗe a 2018 a tsibirin Yas, gaba ɗayansa a rufe yake da sanyin esi, har sararin samaniya na ƙarya aka yi masa a rufi. Otal ɗin WB yana daura da shi, da ƙafa ake tsallakawa. Idan mai shekara 5 ya fara rigimar barci da azahar, ko Hajiya Babba ta ce ƙafarta ta gaji, cikin 'yan mintoci an koma ɗaki, sauran su ci gaba da wasansu. Wannan kusancin ba ya fitowa a hoton talla, amma shi na fi jin daɗinsa.

Wajen ɗaki kam, in don yara ne, Legoland ya yi wa sauran fintinkau, wannan ba gardama. An buɗe otal ɗin a farkon 2022, ɗakuna 250, kuma da yara a zuciya aka tsara kowanne. Gadon iyaye daban, sannan ga lungun yara da gado mai hawa biyu da wani na uku da ake jawowa daga ƙarƙashi, da talabijin ɗinsu da tulin bulon Lego. Wato ku biyar ɗaki ɗaya ya ishe ku, Hajiya Babba ta samu nata. Akwai ɗan akwati a kulle a ɗakin, sai yara sun warware wasa-ƙwaƙwalwa su samo lambar buɗewa, su tarar da kyauta a ciki. Nawa sun manta da yunwa a kan akwatin nan. Amma ki sani bango da kafet da labule duk zane ne, na 'yan fashin teku ko na fadar sarakuna ko makamancinsu, launi ja da rawaya ko'ina. Yaro zai ji kamar an saka shi a aljannar duniya. Dattijuwa mai son ta idar da isha'i ta ja carbinta cikin natsuwa, ita kuma idonta ba zai samu wurin hutawa ba. Ko lifta in kin shiga, ƙofa na rufewa sai kiɗa ya tashi da fitilu masu walƙiya. Na farko kowa zai yi dariya, amma ki ƙiyasta hawa na goma da surukarki a gefe.

Ɗakin Atlantis na manya ne. Yana da faɗi, gadon yana da daɗi, banɗakin da baho da shawa daban, taga kuma ko dai tana kallon buɗaɗɗen teku ko tana kallon tsibirin Palm Jumeirah da dogayen benayen Dubai a can nesa. Da asuba in kin daga labule, kallon kaɗai ya isa a biya masa wani abu. Matsalarku lissafin kai ne. Ɗakin da aka saba bayarwa manya biyu da yara biyu yake ɗauka, ku kuma ku shida ne, don haka ɗaki biyu dole, kuma a nan kuɗin ɗaki biyun ba wasa ba ne. Sannan ginin ƙato ne, ɗakuna wajen 1,500. Daga ƙofar ɗakinki zuwa wurin karin kumallo, daga nan zuwa ƙofar Aquaventure, tafiya ce kamar ki ratsa Kantin Kwari daga wannan baki zuwa wancan. Ga matashi ba komai ba ne, amma mai ciwon gwiwa za ta ji a jikinta.

Na WB yana tsakiya. An buɗe shi a Nuwamban 2021 a ƙarƙashin kamfanin Hilton, ɗakuna 257, don haka ba a ɓata a cikinsa. Ɗakin na zamani ne mai sanyin launi, adon fim ɗin a jikin hotunan bango ya tsaya, bai bi ki har kan matashi ba. Nan ma ɗaki biyu za ku kama. Ki nemi masu ƙofa a tsakani tun wajen biyan kuɗi, kuma a rubuta miki, ki sa babbar ta kwana da kakarta. Wannan shawarar ta ƙofar tsakani ta shafi Atlantis ma.

Abin da ya shafi ibada bai bambanta sosai ba, ƙasar Musulmi ce. Za ki ga alamar alƙibla a ɗaki, darduma in babu ki tambaya a kawo, banɗaki da tiyon tsarki, wuraren wasan kuma suna da masallatan maza da na mata. Ni dai har yanzu ba na tafiya babu 'yar butata, sabo ne.

Abinci shi ne inda Atlantis yake nuna shi babba ne. Gidajen abincin da ke ciki sun fi ƙarfin kwana uku. Akwai Nobu na abincin Japan, akwai Bread Street Kitchen na Gordon Ramsay, akwai Ayamna na abincin Lebanon, wanda nake ganin shi zai fi shiga ran Hajiya Babba saboda gasasshen nama da gurasa mai zafi. Sai manyan wuraren ɗebi-da-kanka guda biyu, Saffron da Kaleidoscope. Na biyun ne ya fi dacewa da bakinmu, don ba a rasa biriyani da kaza da miyar Indiya mai ɗan yaji. Sai dai komai da tsadarsa, kuma da yake otal ɗin a can ƙarshen tsibirin yake, ba za ki ce bari in leƙa waje in sayo shawarma mai araha ba, sai kin hau tasi. In nan kuka zaɓa, ki biya tsarin da ya haɗa karin kumallo da abincin dare tun daga gida, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Legoland babban wurin cinsa ɗaya ne, Bricks, shi ma ɗebi-da-kanka, an yi wa yara teburin ɗiba daidai tsayinsu. Abincin mai kyau ne, irin wanda yara ba sa gardama a kansa, taliya da dankali da kaza da fiza. Kwana ɗaya ko biyu lafiya lau, a na uku babba zai fara tuna tuwon gida. In ana son canji sai a taka zuwa Riverland, jerin gidajen abincin da ke tsakanin wuraren wasan, amma a Agusta wannan takawar sai bayan magariba.

A WB, Sidekicks ne wurin iyali, nan ne Bugs Bunny da 'yan uwansa na katun suke zagayawa tebur-tebur ana hoto. Akwai The Director's Club na gasasshen nama idan ke da Alhaji kuna son ku zauna ku biyu. Yawan zaɓinsa bai kama ƙafar Atlantis ba. Abin da ya cece shi shi ne Yas Mall yana kusa, ga motar Yas Express da ke zagaya tsibirin kyauta, don haka abincin dare ba lallai sai na otal ba, kuma a nan ne aljihu yake numfasawa. Ko ina kuka sauka dai, ki saka yajinki da garin kunu a jaka. Akwai butar dafa ruwa a ɗaki, kuma tsofaffinmu ba sa ɗaukar burodi da cuku a matsayin karin kumallo.

Nama a ƙasar na halal ne, inda aka sa naman alade kuma ana rubutawa a ware shi. Giya kuwa ana sayarwa a manyan otal, kada wani ya ce miki babu. Bambancin yana wajen yadda take fitowa fili. A Atlantis, musamman ranar Asabar da rana da ake liyafar ci da sha da kiɗa, za ki ga abin da ba ki so 'yar shekara 14 ta tsaya kallo, haka ma shigar mutane a bakin ruwa. A Legoland da WB yawancin baƙi iyalai ne masu ƙananan yara, da yawansu Larabawan yankin da abayoyinsu, ba za ki ji kin fita daban ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ina kushe Atlantis. Tun da aka buɗe shi a 2008 har yau babu wanda zai tsaya gaban katon gilashin nan na Ambassador Lagoon, ruwa lita miliyan 11, kifaye da sauran halittun ruwa dubbai suna wucewa ta gaban fuskarsa, bai yi tasbihi ba. Mahaifiyata ta fi rabin awa a wurin ba ta ce uffan ba. Wanda ya kwana a otal ɗin yana shiga Aquaventure da gidan kifin otal ɗin ba tare da sabon tikiti ba. Amma wuri ne da duk mai yawon buɗe ido a Dubai yake son ya leƙa, don haka cika ba ta ƙarewa. Manyan zamiyoyin ruwan kuma sai yaro ya kai mita 1.2 a tsayi, ke nan autanku a ɓangaren ƙanana zai wuni, dole wani babba ya zauna da shi.

Shekarun yaranki ma sun karkata ga Yas. Legoland don 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi. Ƙananan biyu za su more, babbar za ta wuni tana latsa waya, sai dai a kai ta wurin wasa na Motiongate da ke maƙwabtaka. A Yas kuwa kowa da nasa. Ferrari World, da aka buɗe a 2010, yana da lilon Formula Rossa mai gudun kilomita 240 a awa, wannan na babbar ne da Alhaji in zuciyarsa za ta ɗauka. SeaWorld, gidan halittun ruwa da aka buɗe a 2023, shi ma a rufe yake, kuma Hajiya Babba za ta iya zagaya shi a hankali, ga kujeru ko'ina. Yas Waterworld yana ware lokuta na mata zalla, ma'aikatan ma mata, wanda ke nufin ke da 'yarki ku shiga ruwa hankali kwance. Ki duba ranakun kafin ki tsayar da kwanakin tafiya. Yawancin tsare-tsaren kwana a otal ɗin Yas suna haɗawa da tikitin shiga wuraren wasan, to ki tabbatar naku ya haɗa, kuma da sunan kowa, domin tikitin mutum shida kullum shi ne yake cinye kuɗi fiye da ɗakin.

Af, in har zuciyarki ta nace sai ɓangaren Legoland, to ki duba otal ɗin Lapita da ke cikin harabar guda. An yi masa ado irin na tsibiran Polinesiya, katako da ciyayi da ɗan rafin da ake kwanciya a kan roba yana tafiya da mutum. Ya fi natsuwa sosai, yara su je Lego da rana, dattijuwa ta samu barci da dare.

Na san kuma ba za ki je Dubai ki dawo ba ki taka Deira ba, ga gwal ga abaya ga saƙon 'yan uwa. A nan na taɓa yin wauta. Na sauka a ɓangaren Jebel Ali, inda Legoland yake, da tunanin kullum zan riƙa leƙawa kasuwa in dawo. Ashe tazarar ta fi ta Kano zuwa Wudil, kuɗin tasin kwana biyu ya kusa biyan wani ɗakin. Daga Yas ya ma fi nisa, sama da awa guda a mota. Don haka ki raba tafiyar gida biyu. Kwana uku ko huɗu a WB, a ciki ku ware yamma ɗaya ku kai Hajiya Babba Masallacin Sheikh Zayed, sannan ku tattara ku koma wani otal mai sauƙin kuɗi kusa da unguwar Naif da ke Deira don sayayya. Daga can sai ku sayi tikitin wuni ɗaya na Aquaventure, yara su ga Atlantis ɗin da suke gani a waya, a yi hoto, a dawo.

Wajen lissafi, dirhami 3.67 ne dala ɗaya, kuma farashin da kike gani a intanet sau da yawa bai haɗa da haraji da kuɗin hidima ba. A Dubai akwai kuma kuɗin yawon buɗe ido da ake karɓa a kan kowane ɗaki kowane dare, dirhami 20 a otal mai tauraro biyar. Za su riƙe wani abu a kati a matsayin ajiya ranar shiga, sai ki tafi da katin dala. Kuma tunda jiragen da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano sai sun yada zango, kamar a Addis Ababa ko Alƙahira, kuna iya sauka da sassafe alhali ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 3 na rana. Ki saka kayan canjin yara da maganin Hajiya Babba a ƙaramar jaka daban, a ajiye manyan akwatuna a wurin masu karɓar baƙi. Kada ki biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar mutum shidan nan ta fito kin gan ta da idonki.