Bitoque ko Bife à Café, wanne za a dafa a gida?

Ana ta tambayata wanne ya fi cikin girkin naman sa biyun nan na Fotugal. Bitoque dai yanka ne siriri, a soya da tafarnuwa, a ɗora soyayyen ƙwai a kai, ga shinkafa ga dankali, kuma ko nama mai araha ya wadatar. A can suna zuba farar giya a romon, amma ɗan khal da ruwan nama ya isa.

Bife à café kuwa ɗan gidajen shan kofi ne na Lisbon, babban birnin ƙasar, sai nama mai laushi, bota da kirim, aljihu zai ji. Wuta ta yi yawa kirim ɗin ya tsinke, shikenan an yi asara.

Mai iyali da sauri ya riƙe bitoque, mai baƙi biyu da haƙurin tsayawa kan kasko ya gwada ɗayan.