GARGAƊI: Siminti aka sayar min naira dubu 185 da sunan stabilaiza

Jama'a, tun ranar Talata nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Shekara 11 ina sana'ar fotokwafi a bakin makaranta a nan Kano, ni ake zuwa tambaya wane inji za a saya, amma yau ni aka aiko wa da siminti a cikin akwatin ƙarfe. Naira dubu 185. Ban da dubu 12 na kuɗin mota daga Legas.

Kada wani ya zo yana ce min garaje na yi, don ban yi ba. Babban inji ne na sayo, Konica Minolta ɗan Beljiyam mai kala, kuma duk mai wannan sana'a ya san yadda hitar da ke gasa tona a jikin takarda take zuƙar wuta idan tana ɗaukar zafi, har ƙwan shago sai ya yi ƙyafta. Irin ƙaramin ekstenshan ɗin nan na kwamfuta ba ya ɗaukarsa, na taɓa narkar da guda biyu. Shi ya sa na fita neman abin da zai kare shi da gaske. Sati biyu ina tambaya kafin na haɗu da mutumin nan a wani gurup na WhatsApp na masu sayar da kayan ofis.

Abin da ke hana ni barci shi ne tambayar da ya fara yi min. Bai ce turo kuɗi ba. Cewa ya yi, “Maigida, leƙa bayan injin ka karanto min amfiya nawa aka rubuta a jikin lambar.” Na karanto masa amfiya 10, bolt 220 zuwa 240. Ya ce to alhamdu lillahi ba ɗan Amurka ba ne mai bolt 120, ba sai an haɗa da taransifoma ba. Ku gaya min, ɓarawo ne ke magana haka? Har akwai wani na dubu 95 da na nuna ina so, ya hana ni. Ya ce, “Maigida, ba zan ci haram ba, wannan ba zai ɗauki injinka ba.” Shi da bakinsa ya hana ni sayen mai araha! A nan na saki jiki. Har yanzu ina jin muryar a kunnena, ba zan ci haram ba.

Ranar da abin ya faru hadari ne ya taso, aka ɗauke wuta, muka koma janareto, can wajen la'asar aka dawo da ita. Yarona ya juya canji, sai muka ji tas! Warin ƙuna ya cika shago, ga ɗalibai tsaye da firojet ɗinsu a hannu. Kwana tara kenan da haɗa shi. Ko goma, don ranar Asabar na je tasha na karɓo, sai Lahadi aka haɗa. Na ma manta ban faɗa ba, sunan da ya fito a akawun ɗin da na yi turansifa ba sunansa ba ne. Na tambaye shi, ya ce na ƙaninsa ne mai tsare shago. Na gani, na yi tambaya, ya ba ni amsa. Wa bai taɓa tura kuɗi akawun ɗin yaron shago ba?

Kuma da na ɗaga kwalin a tasha nauyi gare shi, sai da mai adaidaita ya kama min. Na ce a raina, lalle wannan jan ƙarfe ne zalla, don ya rantse min 5KVA ne mai sabo, nadin jan ƙarfe, da kariyar tartsatsin wuta a ciki.

Da injiniyan da ke min gyara ya kwance murfin, shiru ya yi, sannan ya ce, “Oga, zo ka gani da idonka.” Curin siminti an ɗaure shi da kusa a ƙasan akwatin. Wayar shiga an haɗe ta kai tsaye da ta fita. Allon gaban da kullum yake nuna 220, ina kallo ina jin daɗi, ashe ko nawa wutar ta zo 220 zai nuna. Ya ce ko ɗan abin nan mai kama da kwabo da ake kira barista, wanda ke shanye wuta idan ta yi tsalle farat ɗaya, babu ko ɗaya a ciki. Ya ƙara da wata magana da ta ƙona min rai: stabilaiza daban, abin kare tsallen wuta daban, kuma shi na biyun ba ya cikakken aiki sai da wayar ƙasa, shagona kuwa babu ita. Wannan na yarda laifina ne. Amma simintin fa?

Bod ɗin wutar injin ya tafi. An ce min dubu 240 kafin a samo wani, shi ma na hannu. Ku haɗa da dubu 185, ku haɗa da dubu 12, ga lokacin firojet na wucewa ina kallon kwastomomina suna shiga shagon maƙwabci.

Na kira shi a daren, ya ɗauka, ya ce “innalillahi, Maigida, gobe zan turo yaro.” Washegari hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Mai gurup ɗin ya ce shi ma bai san shi ba, wani ne ya saka shi.

Kada ku biya sai an buɗe murfi a gabanku, ku tafi da injiniyanku da mitarsa. Nauyi ba shaida ba ne. Ku sa a duba wayar ƙasa.

Ina da rasit ɗin turansifa, da saƙonnin muryarsa guda 14, da hoton simintin. Na kai ƙorafi banki, sun ce in kawo takardar 'yan sanda, gobe zan je. Da na dawo zan ɗora komai a nan, har da wanda yake cewa ba zai ci haram ba, ku ji da kunnenku ku gaya min ko ku da ba za ku tura ba.