Giyar Sikotlan mai nauyi: wace kwalba ce ta cancanci kuɗinta?

Tun da farko a san abin da ake magana a kai. Giya ce mai barasa, mai ƙarfi ma kuwa, kuma Musulunci ya haramta ta. Musulmin da ya shiga kanti a Birtaniya ya ga an rubuta wee heavy ko Scotch ale a jikin kwalba, kada launinta ya rude shi ya ɗauka dangin Maltina ce. Sauran bayanin kuwa na manya ne waɗanda addininsu da lafiyarsu ba su hana su ba, musamman masu jin Hausa da karatu ko aiki ya kai su Edinbara ko Gilasgo ko Abadin, suka tsaya gaban kanta cike da kwalabe masu hoton ƙaya da mayaƙa, suka rasa wadda za su ɗauka.

Ita wannan giya ta hatsi ce kafin komai. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a gasa wani sashe nasa, kamar dai yadda duk mai dafa burkutu ta san ba a yin komai sai da tsiron dawa. Bambancin wee heavy da sauran giyar Turai shi ne yawan tsiron da ake zubawa da ƙarancin furen nan mai ɗaci da ake kira hops. Don haka takan fito da launi tsakanin jan ƙarfe da ruwan ƙasa mai duhu, da kauri a baki, da zaƙi mai kama da na mazarƙwaila. Ƙarfinta yakan kama daga kashi 6.5 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya saba da Guinness Foreign Extra Stout ta Najeriya, mai kashi 7.5, ya san irin wannan nauyi, sai dai ɗacin Guinness yana yi wa mai sha gargaɗi tun a kurɓar farko. Wee heavy ba ta gargaɗi. Zaƙi ne ke rufe barasar, kuma nan ne haɗarinta yake.

Za ka ga wasu kwalabe da lambobi kamar 60/- ko 70/- ko 80/- ko 90/-. Sule ake nufi. A ƙarni na 19 masu dafa giya a Sikotlan suna sa wa giya suna da farashin gangarta, mai tsada ita ce mai ƙarfi. Kuɗin sule ya tafi, lambobin suka zauna. Yau 60 ce mafi sauƙi, 70 da 80 na zaman hira ne, 90 kuwa ita ce wee heavy. Sunan kansa ana danganta shi da giyar kamfanin Fowler na garin Prestonpans, wadda ake sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe saboda ƙarfinta. Idan ka ɗauki 80/- kana tsammanin mai nauyin ce, ka yi sayen da bai dace da nufinka ba, ko da yake giya ce mai kyau a ajinta.

Kafin a zo kan kwalaben, ga yadda ake gane mai kyau, domin wanda bai san abin da yake nema ba kowane ɗan kasuwa zai iya sayar masa da komai.

Kada ka sha ta da sanyin firji. Sanyi yana kulle ƙamshin tsiro, ka biya kuɗin abu mai tsada ka sha ruwan zaƙi kawai. Fito da ita sanyin ya ragu zuwa digiri 10 ko 13, ka zuba a tambulan mai faɗin ciki da tsukakken baki, ka bar wuri a sama. Ɗaga shi wajen haske: mai kyau takan yi garau, da jan haske a gefe, ko da ta yi duhu. Kumfarta ba ta da yawa, kuma wannan ba aibi ba ne a giya mai wannan ƙarfi. Sai ka sunsuna. Abin da ake so shi ne ƙamshin gasasshen burodi, da zabibi, da dabino, wani lokaci da ɗan ƙauri-ƙauri na ƙanzo. Idan ka ji warin man shanu ya yi yawa, yis bai gama aikinsa ba aka ɗura ta. Idan ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, iska ta shige ta, ta tsufa a kanta. Idan kuwa ta bugi hanci kamar sinadarin goge farce, an bar ta ta tashi cikin zafi, kuma irin wannan ce ke ƙona maƙogwaro.

Amma babban gwaji yana bayan haɗiya. Kowa zai iya yin giya mai zaƙi, tunda tsiro kawai zai ƙara. Gwaninta ita ce zaƙin ya zo, ya cika baki, sannan ya janye ya bar harshe a wanke, da ɗan ɗaci ko ɗan bushewa na gasasshen sha'ir da zai sa ka so kurɓa ta biyu. Wadda ta bar leɓe yana danƙo, ta gundure ka kafin ka kai rabin tambulan, ta faɗi, komai sunanta da farashinta. Da wannan ma'auni nake auna duk waɗanda ke tafe.

Traquair House Ale ce nake sa wa a gaba, kuma ba na ɓoye hakan. Ana yin ta a wani tsohon gidan sarauta kusa da garin Innerleithen, a yankin kan iyaka da Ingila, gidan da ake cewa shi ne mafi daɗewa da mutane ke zaune a ciki a duk Sikotlan. Ɗakin dafa giyar na ƙarni na 18 ne, an yi watsi da shi shekaru masu yawa, sai a 1965 mai gidan, Peter Maxwell Stuart, ya share kayan ya sake hura wuta. Har yanzu a cikin tsofaffin gangunan katakon oak giyar ke tashi. Ƙarfinta kashi 7.2. Abin da ya raba ta da sauran shi ne ba ta cika baki da zaƙi kamar yadda launinta ke nunawa. Akwai 'ya'yan itace busassu, akwai ɗan ƙamshin katako, sannan ta ƙare a bushe. Ba a yin ta da yawa, don haka ba kowane babban kanti ke da ita ba, sai ka leƙa shagunan da suka ƙware a giya ko ka yi oda, kuma ta fi na kanti tsada. Duk da haka wanda yake son sanin yadda wannan aji ya kamata ya kasance, da ita zai fara. Gidan yana da wata, Jacobite Ale, mai kashi 8, wadda aka fara a 1995 don tunawa da shekara 250 da tawayen 1745 na magoya bayan gidan sarautar Stuart, waɗanda ake kira Jacobite. Ana sa mata 'ya'yan koriyanda. Wasu sun fi son ta. Ni ina ganin kayan ƙamshin yana ɗauke hankali daga tsiron, kuma ba ita ce ta koyo ba.

Skull Splitter daga can arewa take, tsibiran Orkney, inda aka kafa kamfanin a 1988. Sunan laƙabi ne na wani basaraken Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai, da ya mulki tsibiran. Kashi 8.5 ce, kuma ita ce mafi iya ɓoye ƙarfinta a cikin duk waɗanda zan ambata: santsi, ɓaure, dabino, ɗan yaji, da ɗumi da ke saukowa a hankali. Ta fi Traquair zaƙi da cika, amma ba ta kai ga danƙo ba. Idan dare ne na hunturu kuma kwalba ɗaya tak za ka sha bayan abinci, wannan ce. A ƙaramar kwalba ta mililita 330 take zuwa, kuma hakan daidai ne.

McEwan's Champion ita ce za ka fi cin karo da ita, domin tana kusan kowane babban kanti, a kwalbar rabin lita, da arha. Kashi 7.3. William McEwan ya kafa kamfanin a unguwar Fountainbridge ta Edinbara a 1856, amma masana'antar ta rufe tuntuni, kuma a 2011 wani kamfani na garin Bedford a Ingila ya sayi sunan. Wanda ya damu da a ce lallai a Sikotlan aka dafa, sai ya karanta bayan kwalba. Ban raina ta ba. Tana da zabibi da gasasshen sukari, kuma a kuɗinta ba ta cuci kowa ba. Matsalarta biyu ce: zaƙinta yana daɗewa a harshe fiye da yadda nake so, sannan rabin lita na irin wannan ya yi wa mutum ɗaya yawa. A raba ta biyu.

Old Jock ta kamfanin Broughton, mai kashi 6.7, ita ce mafi sauƙi a cikinsu, kuma ita ta fi tafiya da abinci, gasasshen nama ko haggis, abincin kayan cikin tunkiya na gargajiyar Sikotlan, a daren tunawa da mawaƙi Robert Burns, 25 ga Janairu. Belhaven na garin Dunbar, wanda tarihinsa ya kai 1719 kuma kamfanin Greene King ya mallaka tun 2005, yana da tasa wee heavy mai laushi da ƙamshin gyaɗa soyayya; duba ƙarfin a jikin kwalbar da ke hannunka, don ya sha sauyawa.

Sai na ƙasashen waje. Mutanen Beljiyam sun daɗe da riƙe wannan aji, suna da Gordon da Scotch Silly, masu kashi 8 ko kusa da haka, masu zaƙi sosai, kuma su ne suka yi fice da tambulan mai siffar furen ƙaya. Amurkawa kuwa sun ɗauki abin sun ƙara masa murya. Dirty Bastard ta kamfanin Founders a jihar Mishigan kashi 8.5 ce, da ɗacin hops da ya zarce na kowace ta Sikotlan. Wanda zaƙi ke gundura zai iya samun ta fi masa. Old Chub ta Oskar Blues a Kolorado kashi 8 ce, a gwangwani, da ɗan hayaƙi. Ta kamfanin AleSmith na San Diyego ta kai kashi 10.

A kan hayaƙin nan ina da magana. Masu ƙananan masana'antu da yawa, musamman a Amurka, suna zuba tsiron da aka busar da hayaƙin ƙasar fadama, irin wanda ake yin wiskin tsibirin Islay da shi, sai su ce ai haka giyar Sikotlan take. Ba haka take ba. Wannan hayaƙi na wiski ne, kuma Traquair da Belhaven da McEwan's ba su dogara da shi ba. Idan kana son sa, ba laifi, amma ka san abin da ka saya. Kaɗan ne yake daɗi. Da ya yi yawa sai giyar ta koma warin toka da magani, tsiron da aka sha wahala a kai ya ɓace.

Haka batun waɗanda aka kwantar a gangar wiski ko ta bourbon, wato wiskin Amurka, irin su Dark Island Reserve ta Orkney mai kashi 10, ko Backwoods Bastard ta Founders. Farashinsu yakan ninka, kuma masu kyau a cikinsu sun cancanta. Sai dai ganga tana iya rufe aibin giya mara kyau da ƙamshin banila da wiski. Kada ka fara da su. Sai ka san ɗanɗanon giyar ita kaɗai za ka iya gane ko gangar ta ƙara mata ko ta binne ta.

Lissafin barasa yana cikin lissafin saye. A Birtaniya awo ɗaya shi ne mililita 10 na zallar barasa, kuma shawarar hukumomin lafiya ita ce kada mutum ya wuce awo 14 a mako. Ninka mililita da kashin ƙarfi ka raba da 1000. Skull Splitter ɗaya awo 2.8 ce, Traquair ƙarama kusan 2.4, McEwan's Champion kuwa 3.65, wato kwalba huɗu sun zarce na mako gaba ɗaya. Wannan lissafi shi ne kuma yake yanke farashi, domin tun watan Mayun 2018 Sikotlan ta hana sayar da barasa ƙasa da wani kuɗi a kan kowane awo. An fara da kwabo 50 na kuɗin Birtaniya, aka ɗaga zuwa 65 a ƙarshen Satumbar 2024. Ke nan Champion ba za ta sauko ƙasa da fam 2.37 ba, kuma duk arhar da ka gani a Ingila ba lallai ka same ta a Gilasgo ba. Kantuna ba sa sayarwa kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan 10 na dare. Dokar tuƙi ma ta fi ta Ingila tsanani tun Disambar 2014, miligiram 50 a kowace mililita 100 ta jini maimakon 80. Kwalba ɗaya ta wannan aji tana iya tsallakar da mutum, don haka wanda zai riƙe sitiyari kada ya taɓa ko kaɗan. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta ko ciwon suga, da mai shan magani, su ma wannan ba tasu ba ce.

Idan kuɗin kwalba biyu gare ka, ɗauki Traquair House Ale da Skull Splitter, ka gayyaci wani ku raba, ku fara da Traquair. Ka guji haɗa su da abinci mai barkono sosai, domin yaji da barasa suna ƙara wa juna zafi; cuku mai ƙarfi ko naman rago da aka gasa ba yaji ya fi. Duba kwanan watan da ke jikin kwalba, ka bar wadda ta daɗe a tagar shago rana na dukanta. Waɗanda suka kai kashi 8 zuwa sama suna jure ajiya ta shekara ɗaya ko biyu idan an tsayar da su a wuri mai duhu da sanyi, har ƙamshin zabibin ya ƙara zurfi. Old Jock da Champion kuwa a sha su tun suna sababbi.